Wutsiyar doki: me ke cikin tsiron da ake sayarwa don gashi da ƙoda?

Wane tsiro ne wannan?

Ba tsiron ƙasar Hausa ba ne. Yana fitowa a wurare masu danshi a Turai da Asiya da Arewacin Amurka, mu kuwa a kwalba ko a ƙunshin shayi yake zuwa mana. Masana na kiransa Equisetum arvense, Larabawa kuma zanabul khail. Karansa gaɓa-gaɓa ne kamar ƙaramin gora, da siraran rassa kewaye da kowace gaɓa, sai ka ga kamar jelar doki. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Da wata ƙura mai laushi yake yaɗuwa. Danginsa sun rayu fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, wasunsu manyan itatuwa ne da suka zama kwal ɗin da ake haƙowa yau.

Me ke cikinsa?

Abin da ya fi shahara da shi shi ne silika, sinadarin da ke cikin yashi, wanda ke sa ɓuntun shinkafa kaushi. A busasshen tsiron yakan kai kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Idan ka murza karan a tafin hannu za ka ji yana karce ka. Shi ya sa mutanen Turai na da suke goge tukwane da kwanonin ƙarfe da shi, kamar yadda iyayenmu ke dirje gindin tukunya da toka da yashi. Jamusawa har yau suna ce masa Zinnkraut, wato ciyawar kuza.

Akwai kuma fotasiyam, da sinadaran filabonoid irin su kwasetin da kamferol, da ɗan burbushin nikotin. Sai wani mai suna tayaminas, wanda za mu dawo kansa.

Da gaske yana sa fitsari?

Nan ne hujjarsa ta fi ƙarfi. A 2014 wasu masu bincike a Brazil sun gwada shi a kan maza 36 masu lafiya: miligiram 900 na tsantsarsa a rana, aka kwatanta da miligiram 25 na hydrochlorothiazide, ƙwayar da likitoci ke ba masu hawan jini. Yawan fitsarin da suka yi ya zo kusan ɗaya. Amma kwana huɗu-huɗu aka yi, kuma ba marasa lafiya ba ne, don haka kada mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa saboda wannan. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya na ƙara fitsari don wanke mafitsara a ƙananan matsaloli, bisa daɗewar da aka yi ana amfani da shi.

To batun gashi da farce da ƙashi fa?

Da wannan masu talla suka fi cin kasuwa, kuma nan hujja ta fi rauni. Lissafinsu shi ne: jiki na amfani da silikon, sinadarin da ke cikin silika, a ƙashi da fata, tsiron nan cike yake da silika, saboda haka zai tsawaita gashi. Sai dai mafi yawan silikar ba ta narkewa a ruwa, kaɗan ce ke shiga kofin shayi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne, sau da yawa kuma an haɗa shi da wasu abubuwa, ba a san wanne ya yi aikin ba. A ganina, wadda gashinta ke zuba ta fara zuwa a duba mata jini, ta kuma sassauta kitso.

Yana da illa?

Yana da ita. Tayaminas yana lalata bitamin B1, wanda jijiyoyi ke buƙata. Abin mamaki, doki ne ya fi shan wahalarsa: idan ya daɗe yana cin harawar da tsiron ya yi yawa a ciki sai ya rame, ya riƙa tangaɗi, ƙafafun baya su gaza. Zafin dahuwa na lalata sinadarin, shi ya sa ɗanyen garinsa ya fi dafaffen shayinsa abin tsoro. Akwai kuma ɗan'uwansa na fadama, Equisetum palustre, mai dafin da ake kira falustirin. Sun yi kama ƙwarai, in aka niƙa su gari ido ba zai bambance su ba.

Su wa ya kamata su guje shi?

Wanda ƙafarsa ta kumbura saboda ciwon zuciya ko na ƙoda, asibiti ne nasa. Haka mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaron da bai kai shekara 12 ba. Wanda ke shan ƙwayar sa fitsari ko litiyam (maganin wasu cututtukan taɓin hankali) ya tambayi likitansa tukuna, domin haɗa su na iya rage masa fotasiyam ko ya tara maganin a jini. In kuma ana cikin sha aka ga jini a fitsari, ko zazzaɓi ya taso, a ajiye kofin a tafi awo.