Jinyar Wanda Sigari Ta Cinye Wa Huhu: Tambayoyi da Amsoshi

Tambaya: Likita ya ce hayaƙin sigari ya lalata huhun mahaifinmu, numfashi sai da ƙyar. Zai warke?

Amsa: Gaskiya, abin da ya lalace na huhu ba ya dawowa. Galibi cutar ita ce wadda likitoci ke kira COPD: hanyoyin iska sun ƙuntata sun cika da majina, ƙananan jakunkunan da ke miƙa wa jini iska kuma sun fashe. Iska na shiga, ta kasa fita duka, shi ya sa za ku ga ƙirjinsa ya taso kamar ganga. Da gwajin hura iska ake gane tsananinta. Idan abin da yake fitarwa a daƙiƙar farko bai kai kashi 30 cikin ɗari na abin da ake tsammani ba, cutar ta kai mataki mafi tsanani. Duk da haka ba a naɗe hannu. Ana rage haki, ana rage yawan kwanciya asibiti, kuma da yawa daga cikin aikin a gida ake yinsa.

Tambaya: Tunda ya riga ya lalace, barin sigarin yanzu na da amfani?

Amsa: Ƙwarai. Shi ne abin da ya fi komai rage saurin lalacewar sauran huhun. Faɗa ba ya raba mutum da tabar da ya sha shekara arba'in. A nemi filastar nikotin ta mannawa a fata, ko cingam ɗinsa, ko ƙwayar varenicline daga likita. Kada kowa ya sha a gidan. A yi masa rigakafin mura kowace shekara, da na ciwon sanyin haƙarƙari.

Tambaya: Mu sayo masa oksijin kawai mu riƙa sa masa idan ya fara haki?

Amsa: A nan ne iyalai suka fi kuskure. Oksijin magani ne mai ƙa'ida, kuma maganin ƙarancin iska a jini ne, ba maganin haki ba. Wani yana haki alhali iskar jininsa lafiya lau. Ana rubuta shi na dindindin ne ga wanda awon oksijin ɗin jininsa ke tsayawa a kashi 88 cikin ɗari ko ƙasa da haka yana zaune a huce, bayan an tabbatar da gwajin jini. Ga irin wannan, binciken da aka wallafa a Amurka a 1980 da na Birtaniya a 1981 sun nuna yana ƙara tsawon rayuwa, da sharaɗin a sa shi aƙalla awa 15 a kowace rana, har da lokacin barci.

Ku mallaki ƙaramar na'urar awo da ake maƙalawa a yatsa. Abin da ake nema ga mafi yawan masu wannan cuta shi ne 88 zuwa 92, ba 99 ba. Yawanci oksijin lita 1 zuwa 2 a minti ɗaya ta siririn tiyo na hanci ake farawa da ita. Idan aka murɗa ta sama don tausayi, gurɓatacciyar iskar da jiki ya kamata ya fitar tana iya taruwa a jini. Alamarta ciwon kai da safe, yawan gyangyaɗi, rikicewar magana, hannu na karkarwa, har ya kai ga suma. Yatsa mai sanyi ko farce mai fenti kuma na sa na'urar ba da lamba ta ƙarya, don haka a ɗumama hannun a sake awo.

Injin tace oksijin da wutar lantarki yake aiki, dole a ajiye silinda ta ko-ta-kwana. A nisanta shi da murhu, kyandir da ashana aƙalla mita 3. Kada a shafa basilin a hanci, a nemi man shafawa na ruwa. Shan sigari da tiyo a hanci kuwa ƙona fuska ne kai tsaye.

Tambaya: Yana shaƙar magungunansa amma kamar ba sa aiki. Me ya sa?

Amsa: Kafin a zargi maganin, ku zauna ku kalli yadda yake shaƙa. Sau da yawa a harshe da maƙogwaro maganin yake ƙarewa. Idan na fesawa ne, a haɗa shi da gwangwanin roba da ke shiga tsakaninsa da baki: a girgiza, a fesa sau ɗaya tak, ya ja a hankali, ya riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10 in zai iya, ko ya yi numfashi huɗu zuwa biyar a ciki. A jira rabin minti kafin fesa ta biyu. Wanda maganinsa garin hoda ne kuwa sai an ja da ƙarfi, wanda jikinsa ya yi rauni ba zai iya ba, sai a gaya wa likita ya canza.

A kuma bambance su. Salbutamol na gaggawa ne, yana aiki cikin mintuna. Tiotropium sau ɗaya ake shaƙa a rana, ko da haki ko babu. Duk maganin shaƙa mai sinadarin siteroyid (mai rage kumburi) a ciki, a kurkure baki bayansa, in ba haka ba farin ƙwayar cuta zai fito a harshe.

Tambaya: Idan numfashinsa ya sarƙe cikin dare, me za mu yi?

Amsa: Ku zaunar da shi, ya ɗan sunkuya gaba, gwiwoyin hannunsa a kan cinya ko tebur. Ya ja iska ta hanci yana ƙirga biyu, ya fitar ta tsukakken baki yana ƙirga huɗu, kamar mai hura shayi mai zafi. Wannan na hana hanyoyin iska rufewa kafin iskar ta gama fita. A juya ƙaramar fanka ga fuskarsa, tana rage jin shaƙewa sosai. A ba shi salbutamol. Mutum ɗaya ya tsaya kusa yana magana a hankali, domin tsoro na ƙara haki, haki na ƙara tsoro.

Asibiti kai tsaye idan leɓɓansa sun yi shuɗi, ya kasa gama jimla ɗaya, ya rikice ko ya kasa farkawa, ko ƙirji na ciwo. Idan majina ta ƙaru ta koma ruwan ɗorawa ko kore, a ga likita a ranar. Galibi ƙwayar siteroyid mai suna prednisolone miligram 40 na kwana 5 ake bayarwa, wani lokacin da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kumburin ƙafa ma a nuna shi, yana iya zama alamar zuciya ta gaji.

Tambaya: Ya fi kyau ya kwanta ya huta, ko?

Amsa: A'a. Kwanciya na narkar da tsokar ƙafa, raunanniyar tsoka kuma ta fi cin iska. Shirin motsa jiki na masu cutar huhu, mako 6 zuwa 8 ƙarƙashin kulawar ƙwararru, na daga cikin abubuwan da suka fi rage haki. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida, saboda cikakken ciki na danne huhu.

Tambaya: Tiyata ko dashen huhu fa?

Amsa: Kaɗan ne suka dace. Ana yanke ɓangaren da ya fi lalacewa, ko a toshe shi da 'yan ƙananan bawul, don sauran ya sami sarari. Dashe na buƙatar barin sigari aƙalla wata 6, ƙarfin jure babbar tiyata, da shan maganin hana jiki ƙin sabon huhun har ƙarshen rai.

Tambaya: An ambaci mofin da kulawar sauƙaƙa wahala. Sun cire rai da shi ke nan?

Amsa: Ba haka ba ne. Ana haɗa wannan kulawa da sauran magunguna, wani lokacin tsawon shekaru. Mofin maganin ciwo ne mai ƙarfi. Ɗan kaɗan daga cikinsa, wanda likita ya auna yake kuma bibiya, na iya rage jin shaƙewa ga wanda sauran hanyoyi suka gaza masa. Yana kawo taurin bayan gida, don haka a fara maganin wannan tun ranar farko.

Akwai kuma maganar da muke roƙon iyalai su yi tun yana iya magana da bakinsa. Idan numfashi ya gaza, akwai injin da ke tura iska ta abin rufe fuska, wanda ake iya cirewa a ci abinci a yi hira. Akwai kuma wanda ake zura tiyo a maƙogwaro bayan an sa mutum barci, kuma mai huhu irin wannan yana iya kasa rabuwa da shi. Ku tambaye shi wanne ya yarda da shi, a ina yake so a yi jinyarsa in abin ya tsananta, kuma wa zai yanke shawara idan ya kasa. A yi zaman tare da likitansa, a rubuta amsoshin, a ajiye takardar kusa da jerin magungunansa inda duk wanda zai kai shi asibiti zai gani.