Waiwaye: Makullin Baitulmali, Daga Hannun Sarki Dikko Zuwa Asusun Haɗin Gwiwa

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye, kada ya ƙara bi ta hannun gwamnoni, kuma duk ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita ba ta da rabo. A majalisun hira na Katsina, daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura, an kwana biyu ana tauna maganar kamar yau aka fara ta. Alhali rigimar wa zai riƙe makullin kuɗin jama'a ta haura shekara ɗari, kuma mu Katsinawa muna cikin waɗanda suka ga farkonta.

Kafin zuwan Turawa, talaka na biyan kuɗin ƙasa, makiyayi na biyan jangali, marina na biyan kuɗin karofi, ga zakkar hatsi. Kayan kan taso daga mai gari zuwa hakimi, daga hakimi zuwa fada, kowa ya yagi nasa a hanya. Abin da ya isa fada na Sarki ne. Da shi yake ciyar da bayi da dawaki, ya yi wa malamai alheri, ya gyara ganuwa. Ba a san iyaka tsakanin aljihun Sarki da dukiyar ƙasa ba, sai dai tsoron Allah na wanda ke kan gado.

Turawa sun shigo Katsina a 1903. A 1906 suka sauke Sarki Yero, suka kawar da gidan Dallazawa, suka naɗa Durbi Muhammadu Dikko, Basullube. Baturen da ya tsaya kan wannan naɗi, Palmer, shi ne kuma ya zo da shawarar da ta canza komai. A lokacin ana raba haraji biyu, rabi na Gwamna, rabi na Sarki. Palmer ya nemi a zuba rabin Sarki a taska guda, a sa ma'aji da littafi, a yanka wa kowa albashi, har da Sarkin kansa, sauran kuma a yi aiki da shi. Dikko ya yarda. Haka aka kafa baitulmali a Katsina, sauran masarautun Arewa suka bi sawu.

Ana iya cewa Dikko ba shi da zaɓi, tunda waɗanda suka ɗora shi su ne suka nema. Wataƙila. Amma ba ƙaramin abu ba ne basarake ya yarda a rubuta masa abin da zai ci a wata, ya kuma zauna a haka har rasuwarsa a 1944. Daga wannan taska En'e, wato hukumar mulkin gargajiya da Sarki ke jagoranta, ta riƙa biyan alƙalai da 'yan doka da malaman makaranta da duba-gari, ta haƙa rijiyoyi, ta gina ɗakunan shan magani. Tsofaffi har yau in sun ga gini mai ƙwari sai su ce, "Wannan aikin En'e ne."

Sai dai kada son da ya rufe mana ido. Kakana ya rasu ya bar takardun harajinsa a cikin wani gwangwani, an ɗaure su da zare, sun yi ja don tsufa. Ya sha ba mu labarin yadda, da zarar kaka ta yi, mai unguwa zai fara zagaye da malamin haraji. Wanda bai da kuɗi ya sayar da gyaɗarsa a wulaƙance, ko akuyar matarsa. Wanda ya kasa a shanya shi a rana a ƙofar dagaci. In za ka ci-rani kuwa, sai ka soke takardar a cikin hula, don ɗan doka na iya tare ka a bakin kasuwa ya ce, "Ina shaidarka?" Fulani kuma, in lokacin ƙirgar jangali ya ƙarato, sai a wayi gari rabin garke ya tsallaka wajen Maraɗi. Na taɓa tambayarsa ko ya san inda kuɗin ke zuwa. Ya yi dariya ya ce, "Jikana, mun san hannun da ya karɓa, mun san gidansa. In rijiya ta rushe, ƙofarsa muke zuwa." Ba ya nufin ana sauraronsu kullum. Yana nufin sun san wanda suke bi bashi.

Wannan zafi shi ya haifi siyasar Arewa ta farko. A Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma babban kukanta zaluncin En'e ne: haraji, aikin tilas, da kotun alƙali da ake ɗaure ɗan adawa da ita. A watan nan dai Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. An yi gyare-gyare, an shigar da zaɓaɓɓu majalisun En'e, amma makulli bai bar fada ba.

Sojoji ne suka ƙwace shi, a hankali. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun sarakuna. A 1976 aka zo da babban gyara: aka rushe En'e, aka kafa ƙananan hukumomi 301 iri ɗaya a duk ƙasa, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Wanda ya tsaya a gaban wannan aiki a gwamnatin Obasanjo shi ne Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Matawallen Katsina. Ɗan gidan sarautar garin da aka fara baitulmali shi ya taya rufe littafinsa.

Bayan shekara uku, gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, Balarabe Musa na PRP, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Katsina da Daura na ƙarƙashin Kaduna a lokacin. Talakawa sun yi murna, kuma suna da gaskiya, don an sauke musu kayan da suka daɗe a wuyansu. An sha ƙoƙarin dawo da harajin da wasu sunaye, bai ƙara zama da gindinsa ba. Amma a nan ne, a ganina, igiya ta tsinke. Kuɗin man fetur ya maye gurbin kuɗin gyaɗa da na shanu. Ƙaramar hukuma ta daina zuwa ƙofar talaka neman abin da za ta yi aiki da shi, ta koma jiran ƙarshen wata. Talaka ya huta da mai unguwa, ya kuma daina jin cewa akwai sisinsa a sakatariya.

Sauran labarin da sauri ya tafi. An ƙirƙiri Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, yau tana da ƙananan hukumomi 34. Kasonsu daga asusun tarayya ya yi ta hawa har ya kai kashi 20.6 cikin ɗari ga duka ƙananan hukumomin ƙasa. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 162, ya ce a zuba shi a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, sashe na 7 kuma ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su. Gwamnoni, na kowace jam'iyya, suka riƙe na farkon da hannu biyu, suka yi wa na biyun riƙon sakainar kashi. A nan gida, Gwamna Aminu Bello Masari ya rushe zaɓaɓɓun shugabannin da ya gada a 2015, a 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa doka, a biya su haƙƙoƙinsu, kuma sai a 2022 aka sake zaɓe. Shekara bakwai ke nan ana jan zare da naɗaɗɗu.

Marigayi Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya taɓa fasa ƙwai a Disamba 2022 yana kan mulki. Ya kwatanta yadda za a turo wa ƙaramar hukuma miliyan ɗari, a ba ciyaman hamsin, ya sa hannu cewa ɗari ya karɓa, shi ma ya biya albashi ya raba saura da wanda ya ga dama. Shugaban ƙasa ne ya faɗa, an yi kwana biyu ana surutu, aka wuce.

Gwamnoni ma suna da tasu hujja, kuma ba a banza take ba. Albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya daga kason nan yake fita, ga kason masarauta da fansho. Suna cewa in ba a haɗa kuɗin wuri guda ba, wata ƙaramar hukumar ba za ta iya biyan malamanta ba. Waɗanda suka yi aikin koyarwa a farkon shekarun 1990, lokacin da aka miƙa wa ƙananan hukumomi biyan albashinsu, ba su manta da watannin da suka yi ba ko kwabo ba. Shi ya sa wasu malamai ba su yi guɗa da hukuncin 2024 ba. Ma'aikatan ƙananan hukumomi kuwa, ta bakin ƙungiyarsu NULGE, sun yi watanni bayan hukuncin suna kukan cewa har yanzu a takarda yake.

Abin da ya fi damuna shi ne ko da makullin ya koma hannun ciyaman, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓensa, kuma kowa ya san jam'iyyar da ke cinye kujeru a irin wannan zaɓe a kusan kowace jiha. Littafin da Palmer da Dikko suka buɗe, Razdan, Baturen da ke kula da lardi, ne ke duba shi, ba talaka ba. Da Razdan ya tafi, gwamna ya gaji kujerar dubawa, sannan ya haɗa da makullin.

Kwanan baya, a wata majalisa bayan la'asar, na tambayi mutum tara da ke zaune nawa aka turo wa ƙaramar hukumarmu a watan da ya wuce. Ana wallafa adadin kowane wata, mai waya a hannu zai iya gani. Cikinsu akwai malamin makaranta, akwai tsohon kansila. Aka yi shiru, mai shayi na ta firfita gawayi. Can wani dattijo, wanda shi ma ya biya haraji da ƙuruciyarsa, ya gyara zama ya ce, "Malam, ina ruwanmu? Ai kuɗin Abuja ne."