Cholmondeley: asali, ma'ana da yaɗuwar wani sunan iyali na Ingila

Cholmondeley sunan iyali ne na Ingila, ɗaya daga cikin waɗanda ba a cika cin karo da su ba ko a ƙasar tasu. Asalinsa sunan wata ƙaramar karkara ce a gundumar Cheshire da ke arewa maso yammacin Ingila, kusa da iyakar Wales. Abin da ya fi fito da shi fili shi ne tazarar da ke tsakanin rubutunsa da furucinsa. A takarda haruffa goma sha biyu ne, wanda bai sani ba zai yi ƙoƙarin fitar da gaɓa huɗu, amma masu sunan gaɓa biyu tak suke faɗa: "Camli". Daga wannan tushe ne aka samu Cholmeley, Cholmley da Chumley, waɗanda duk furucinsu ɗaya ne da na uwar tasu.

Ma'ana

Sunan ya fito daga tsohon Ingilishi, harshen Anglo-Saxon da ake yi a Ingila kafin zuwan Normawa, mutanen Normandi ta arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Kalmomi biyu ne aka haɗa: Ceolmund, sunan wani mutum, da leah, wato fili ko sarari da aka share a cikin daji, wanda daga baya ya ɗauki ma'anar makiyaya. Idan aka mayar da shi Hausa, sai a ce "Filin Ceolmund", kamar yadda a ƙasar Hausa ake jingina wuri ga wanda ya fara sare shi, a ce Gidan wane ko Tungar wane. Wannan leah ɗin ita ce ta zama "ley" da ake gani a ƙarshen sunaye da yawa irin su Bradley, Stanley da Oakley.

Shi kansa Ceolmund kashi biyu ne. Ceol na nufin jirgin ruwa, mund kuma kāriya ko hannun da ke karewa. Ita ce dai mund ɗin da ke cikin Edmund da Osmund. Haka Anglo-Saxon ke ƙera sunayensu, su ɗauko kalmomi biyu masu daraja su haɗa, ba lalle ne haɗin ya ba da jimla mai ma'ana ba. Akwai wani abu a nan da zai burge mai karatun boko na Hausa: a tsohon Ingilishi, sautin da ke farkon Ceolmund da harafin "c" kaɗai ake rubuta shi, daidai da yadda muke rubuta "ciki" ko "cuta". Marubutan da suka zo da al'adar rubutun Faransa bayan 1066 su ne suka kawo "ch". Ke nan wanda ya rubuta "Camli" da ƙa'idar Hausa ya fi kusa da rubutun farko fiye da yadda zai zata.

Ba da nisa sosai ba a cikin Cheshire akwai wani ƙauye, Cholmondeston, da aka gina sunansa a kan sunan Ceolmund tare da kalmar tun, wato gona ko mazauni. Shi ma a baki ya tsuke, ana ce masa "Camstan".

Daga sunan wuri zuwa sunan zuri'a

An ambaci wurin a kundin Domesday na 1086, babbar ƙidayar filaye da dukiya da Sarki Wiliyam na Normandi ya sa aka yi, da rubutun Calmundelei. A lokacin yana cikin ƙasar da ke hannun Robert FitzHugh, mai riƙe da Malpas, wani gari a Cheshire. Bisa nasabar da gidan ke riƙe da ita, a ƙarni na 12 ƙasar Malpas ta shiga hannun William le Belward ta hanyar aure, sai ɗansa Robert ya samu Cholmondeley a matsayin rabonsa, ya zauna a can, aka riƙa kiransa da sunan wurin. Daga wani ɗan'uwansa kuma gidan Egerton ya fito, su ma da sunan ƙauyen da suka zauna. Tsatso ɗaya, sunaye biyu, don kawai gonakinsu daban.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Shehu Shagari, Aminu Kano, Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Balewa duk da sunayen garuruwa aka san su. Bambancin shi ne a Ingila sunan ya daskare ya zama gado: jikan jika yana amsa shi ko da bai taɓa taka ƙauyen ba. Masu ƙasa ne suka fara wannan a ƙarni na 12 da na 13, domin sunan shaida ne na mallaka, kuma zuwa wajen 1400 yawancin iyalan Ingila sun samu sunan da ake gada. Da farko ana sa "de" a gaba, kalmar Faransanci mai nufin "na" ko "daga", har daga baya ta faɗi.

Yadda gaɓa huɗu suka koma biyu

Ingilishi harshe ne da ke danna gaɓar farko ta kalma da ƙarfi, ya bar na baya su raunana. Sunan da ake faɗa kullum tsawon ɗaruruwan shekaru, a kasuwa da coci da gona, gaɓoɓinsa na tsakiya ne ke fara lalacewa. A nan "onde" ta tsakiya ta zube gaba ɗaya. Harafin "l" da ke gaban "m" ya yi shiru, kamar yadda ya yi a Palmer da Holmes. Ita kuma "o" ta farko ana faɗarta kamar ta farkon London, wadda kunnen Bahaushe ya ji ya rubuta Landan. Abin da ya rage shi ne Camli.

Masu kallon ƙwallon Ingila sun riga sun san irin wannan: Leicester ana ce mata Lesta, Worcester kuma Wusta. Cikin sunayen iyali akwai Beauchamp da ake ce wa "Bicam", da Mainwaring, wani tsohon gidan Cheshire, da ake ce wa "Manarin". Mu ma bakinmu na yin wannan aiki, shi ya mayar da Muhammadu Mamman, ya mayar da Abubakar Bukar. Sai dai mu idan baki ya sauya, alƙalami kan bi shi. A Ingila alƙalamin ya tsaya inda yake, musamman a gidajen da ke da takardun ƙasa, wasiyyoyi da hatimi, inda sauya harafi ɗaya ke iya jawo gardama a kotu. A ganina wannan ne zuciyar labarin sunan: dogon rubutun ya rayu ne a wurin waɗanda ke da abin da za su kāre da shi, sauran dangi kuwa suka bi abin da kunne ke ji. A tsarin zaman Ingila mai matakai, iya furta irin waɗannan sunaye ya daɗe yana zama ma'aunin da ake gane ɗan gida da baƙo.

Rassan da suka gajarta rubutu

Reshen da ya koma Yorkshire ya riƙa rubuta Cholmley ko Cholmeley. Su ne suka mallaki filayen tsohon gidan ibada na Whitby a ƙarni na 16. Sir Hugh Cholmeley na wannan reshe ya fara yaƙin basasar Ingila a ɓangaren majalisa, ya koma ɓangaren sarki a 1643, ya riƙe ganuwar Scarborough har aka ci ta a 1645. Ɗansa, shi ma Hugh, shi ya jagoranci ginin katangar tashar jiragen ruwa a Tanja ta Maroko lokacin da garin ke hannun Ingila. Sir Roger Cholmeley, wanda ya taɓa zama babban alƙalin ƙasa, ya kafa makarantar Highgate a Landan a 1565.

Gidan sarauta

Babban reshen bai bar Cheshire ba. A 1706 aka ba Hugh Cholmondeley sarautar Earl, a 1815 kuma aka ɗaga George James Cholmondeley zuwa Marquess, matakin da ke ƙasa da Duke kaɗai. Shi ne ya gina gidan da ake kira Cholmondeley Castle tsakanin 1801 da 1804, a kan ƙasar da kakanninsa suka zauna tun ƙarni na 12.

Aure biyu ne suka ɗaukaka gidan. Earl na uku ya auri Mary, 'yar Sir Robert Walpole, wanda ake ɗauka a matsayin firaministan Birtaniya na farko, ta nan ne katafaren gidan Houghton Hall da ke Norfolk ya faɗo hannunsu a 1797. Marquess na farko kuma ya auri 'yar Duke na Ancaster, wadda ta zo da rabin haƙƙin wani tsohon muƙamin fada, Lord Great Chamberlain, mai kula da ɓangaren sarki a fadar Westminster, wanda ake gani da farar sanda ranar buɗe majalisa. Da yake rabi ke gare su, sukan riƙe muƙamin a zamanin sarki ɗaya, su bar wa sauran magada a zamanin na gaba, sannan ya dawo musu. Sun riƙe shi duk tsawon mulkin Sarauniya Elizabeth ta biyu. David Cholmondeley, Marquess na bakwai, ya yi daga 1990 zuwa rasuwarta a 2022.

Sunan ya bayyana a wasu wurare da ba na sarauta ba. A gidan zane na Tate da ke Landan akwai wani zane na farkon ƙarni na 17, ba a san wanda ya yi shi ba, na mata biyu zaune a gado ɗaya kowace rungume da jariri, da rubutu a gefe cewa matan gidan Cholmondeley ne da aka haifa rana ɗaya, aka aurar rana ɗaya, suka haihu rana ɗaya. Akwai kyautar rubutacciyar waƙa mai wannan suna da ake bayarwa a Birtaniya tun 1966. A yaƙin duniya na biyu kuma, Charles Cholmondeley, hafsan sojan sama da ke aiki da hukumar leƙen asiri, shi da Ewen Montagu suka shirya dabarar jefa gawa ɗauke da takardun bogi a tekun Sifaniya a Afrilun 1943, don Jamus ta zaci Girka da Sardiniya za a kai wa hari alhali Sisili aka nufa.

Reshen Kenya

Afirka ta san wannan gida, ko da yake da wani suna. Mary Holford, matar Sir Hugh Cholmondeley, wadda ta shafe kusan shekara arba'in tana shari'ar gado da kawunta har Sarki James na ɗaya ya yi mata laƙabi da jarumar matar Cheshire, ta sayi Vale Royal, wani tsohon gidan ibada da filayensa a Cheshire, a 1615. Zuri'ar ɗanta Thomas ce ta samu sarautar Baron Delamere a 1821. A tsarin Ingila mai sarauta da sarautarsa ake kiransa, shi ya sa mutane da yawa suka san Lord Delamere ba tare da sanin cewa sunan iyalinsa Cholmondeley ba ne.

Hugh Cholmondeley, Baron na uku, ya shiga tsaunukan Kenya a 1897 ta ƙasar Somaliya. A 1903 gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi hayar eka 100,000 a Njoro na shekara 99, daga baya ya samu Soysambu a bakin tafkin Elmenteita. Ya zuba dukiyarsa a gwajin kiwon tumaki da shanu da noman alkama, ya zama jagoran Turawan da suka zauna a Kenya har mutuwarsa a 1931. Littattafan Turawa sukan yaba masa a matsayin wanda ya kafa noman zamani a ƙasar, amma ƙasar da aka yi wannan noma a kanta makiyayar Masai ce, kuma ba a kan kufai aka same ta ba; wanda ya ba da labarin ya tsallake wannan, ya rage rabinsa. Bayan samun 'yanci aka sauya wa babban titin Nairobi mai sunan Delamere suna zuwa Kenyatta.

Sunan iyalin kansa ya shiga bakin 'yan Kenya ne ta hanya mai ɗaci. Tom Cholmondeley, tattaɓa-kunnen Baron na uku, ya harbe wani jami'in kula da namun daji a Soysambu a 2005, aka janye ƙarar, abin da ya jawo zanga-zanga. A 2006 ya sake harbe wani magini da ya zarga da farauta a gonar. A 2009 kotu ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba, ta ɗaure shi wata takwas bayan shekarun da ya yi a tsare. Ya mutu a Nairobi a 2016.

Yaɗuwa

Ƙarancin sunan na da dalilai bayyanannu. Smith ya yi yawa ne saboda kowane ƙauye na da maƙerinsa, kowanne kuma ya haifar da zuri'a mai wannan suna ba tare da dangantaka ba. Cholmondeley kuwa wuri ɗaya ne a duk Ingila, ƙaramin wuri da mazaunansa ko a ƙidayar 2011 ba su kai ɗari biyu ba. Ga kuma al'adar gadon masu ƙasa, inda babban ɗa namiji ke ɗaukar ƙasa da sarauta, saɓanin rabon gado da muka saba da shi. Ƙannen sukan watse zuwa soja, coci ko fatauci, 'ya'ya mata kuma su ɗauki sunan miji.

Tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma, aure da binnewa, kuma malamin da ke riƙe da littafin abin da ya ji yake rubutawa. Talakan da bai iya karatu ba ya ce "Camli", aka rubuta masa Chumley, 'ya'yansa suka gada. Shi ya sa a yau dogon rubutun ya fi tsayawa ga zuriyar gidan Cheshire da rassansa na kusa, Chumley kuwa ya fi shi yawa, kuma ya yi ƙarfi a Amurka inda masu ƙaura suka kai shi. Mai binciken nasaba sai ya yi hattara a nan, domin ba kowane Chumley ne ɗan Cheshire ba. A gundumar Devon, can kudu maso yamma, akwai garin Chulmleigh, wanda shi ma sunansa daga Ceolmund da leah ya fito, kuma wasu iyalan Chumley daga can suka samo nasu.