Na nemi wani abu a Logos ban gan shi ba, sai na sake biya ne?

Abokina yana danna kalma a Yohanna 3:16 sai asalinta na Helenanci ya fito, ni kuwa shiru. Manhajata ce ta lalace?

Da wuya. Logos, manhajar nazarin Littafi Mai Tsarki da aka fara a Amurka a 1992, abu biyu take sayarwa: kayan aiki daban, littattafai daban. Kana iya mallakar fatanya ba ka da gona, kana kuma iya samun gona ba fatanya. Abin da abokinka yake gani yana buƙatar wani bayani da ke ɗaure kowace kalmar fassara da asalinta na Helenanci ko Ibrananci, kuma ba kowace fassara aka yi wa wannan ɗaurin ba. Fassarorin Turanci na ESV da NASB da KJV suna da shi. Buɗe ɗaya a cikinsu, ka danna kalmar loved, wato ƙauna, a ayar. Idan agapao ta bayyana, kayan aikinka lafiya lau, fassarar da ka buɗe da farko ce ba ta da ɗaurin.

Ta ina zan fara bincike?

Ka fara da na'urar da ke hannunka. Logos na waya da na shafin intanet ba su kai na kwamfuta cika ba, sau da yawa abin da fasto yake laluben sa a waya yana nan zaune a kwamfutarsa. Daga nan ka tabbata da asusun da ka yi sayayya ka shiga, domin mai imel biyu yakan shiga da wanda babu komai a ciki, hankalinsa ya tashi a banza. Sai ka buɗe jerin kayan aiki ka rubuta sunan abin a akwatin nema, tunda sabon zubi yakan sauya wa abubuwa mazauni.

Akwai kuma wanda ya fi kama mu a nan. Bayan saukar da littattafai, manhajar takan ɗauki lokaci tana jera kalmominsu don bincike. Idan aka ɗauke wuta ko data ta ƙare a tsakiya, nema zai riƙa kawo rabin sakamako. Ka jona caji, ka bar ta ta gama, ko da za ta kwana tana yi.

Na yi duk wannan, babu shi. Wane zaɓi ya rage?

Logos 10 da ya fito a 2022 shi ne na ƙarshe mai lamba. Daga Oktoba 2024 sababbin kayan aiki sun koma biyan wata-wata ko shekara-shekara, mataki uku: Premium, Pro da Max. A lokacin ƙaddamarwa kuɗinsu dala 9.99 da 14.99 da 19.99 ne a wata. Premium na masu jagorar nazari a ƙungiya ne, Pro na masu shirya wa'azi kowane mako, Max kuma na masu zurfafa a harsunan asali. Idan littafi ne ya ɓace maka, wani sharhi ko ƙamus, ka saye shi shi kaɗai, ba sai ka shiga biyan wata ba.

In na daina biya, littattafaina za su tafi?

A'a. Wanda ka saya naka ne, haka ma kayan aikin Logos 10 in ka riga ka mallake su. Abin da biyan wata ya ara maka ne kawai zai rufe.

Wanne ya dace da ni?

Da yadda canjin dala yake, ina jin ciwon ganin mai bishara a ƙauye ya matse bakin aljihun iyalinsa don abin da zai taɓa sau biyu a shekara. Ka rubuta sunan abu guda da kake buƙata, ka duba jadawalin kwatanta matakan, ka ɗauki mafi ƙanƙanta da ke ɗauke da shi. Idan lambobin Strong (lambobin da aka ba kalmomin Helenanci da Ibrananci na Littafi Mai Tsarki) da ma'anar kalma kaɗai kake nema, manhajar e-Sword tana ba da su kyauta a kwamfuta mai Windows, fassarar Hausa kuma tana nan a manhajar YouVersion ba ko sisi.