Kayan amfanin gida da yaɗuwar cututtukan jini da na saduwa

Cututtukan da ke bin jini su ne waɗanda ƙwayarsu ke zaune a jinin mai ɗauke da ita, ta shiga jikin wani idan jinin ya samu ƙofa, kamar yanka, tsaga, hudar allura ko dasashi mai zubar da jini. Uku ne suka fi shahara: ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da ƙanjamau. Nau'in B da ƙanjamau suna bin hanyar saduwa ma. A Bauchi da Gombe, inda gida ɗaya kan haɗa maigida da matansa da 'ya'ya da ƙanne, ana cin tuwo a kwano ɗaya, buta ɗaya na zagaya kowa, tambayar abin da za a iya ɗauka a jikin kayan gida takan taso duk ranar da wani ya dawo daga asibiti da takardar gwaji a hannu.

Juriyar ƙwayoyin a wajen jiki

Ƙwayoyin nan uku ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta ƙanjamau ragguwa ce a waje: da jini ya bushe, ƙarfinta kan faɗi warwas cikin sa'o'i kaɗan, sai dai idan ta maƙale a cikin sirinji, inda takan daɗe. Ta nau'in C takan kai kwanaki, wani lokaci makonni. Ta nau'in B kuwa tana rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, ko da ɗigon ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsa.

An auna wannan bambanci a wurin ma'aikatan asibiti da allurar majinyaci ta soka bisa kuskure. Idan majinyacin na da ƙanjamau, kimanin mutum 3 cikin 1,000 ke kamuwa. Idan nau'in C ne, kusan 2 cikin 100. Idan nau'in B ne kuma ma'aikacin bai yi rigakafi ba, abin kan kai 30 cikin 100. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu ƙanjamau a jikin kashi 1.4 cikin ɗari na manya, nau'in C kashi 1.1, nau'in B kuwa kashi 8.1. Ke nan cutar da aka fi jin tsoro a gida, wato ƙanjamau, ita ce ta fi wuyar ɗauka daga kaya, nau'in B da ba a cika ambata ba kuma ita ta fi yawa, ta fi naci, kuma takan shekara da shekaru tana cin hanta mai ita bai sani ba.

Kayan da ke taɓa jini

Reza ce kan gaba. A gidaje da yawa akwai guda ɗaya da ake ajiyewa a bakin taga: da safe maigida ya gyara gemu, da hantsi uwargida ta yanke wa yara farce, da yamma wani ya kankare kaushi da ita. Kowanne daga cikinsu yana iya barin ɗan jini ba tare da ya ji zafi ba. Haka almakashin mai yankan farce da ke zagaya rumfunan kasuwa da tasha. Yakan bi gefen farce har ya taɓa nama, ya goge a ƙyalle, ya kama hannu na gaba.

Askar wanzami ta fi shiga jiki. Askin suna a rana ta bakwai, cire belu, kaciya, tsaga da ƙaho duk aiki ne na jini, kuma mafi yawansu jarirai da ƙananan yara ake yi wa. Nan ne abin ya fi ciwo, domin jaririn da ya kamu da nau'in B, kusan 9 cikin 10 cutar kan zauna musu har girma, alhali babban mutum da ya kamu, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zame wa ta dindindin. Wanzanci sana'a ce ta gado mai mutunci, kuma wanzamai da dama yanzu kan karɓi sabuwar reza daga hannun mai gida ba tare da jin an raina su ba. Iyayen da suka tanadi tasu kafin ranar suna sun yi daidai.

Buroshin goge baki da asuwaki suna cikin wannan sahu saboda dasashi kan yi jini. Sai allurar huda kunne, tsinken sakace, allurar gwajin suga da masu ciwon suga biyu a gida ɗaya kan yi karɓa-karɓa da ita, da kilifar aski idan ta yanki ƙurajen ƙeya. Tauna wa jariri abinci ma yana da haɗari idan mai taunawar na da gyambo a baki.

Wuce aska ta kan wutar ashana ko goge ta da fetur ba ya wadatarwa. A wanke ƙarfe da sabulu tukuna, sannan a tafasa shi minti 20, ko a jiƙa shi minti 10 a ruwan bilic, wato sinadarin wanki mai faranta tufafi. Bilicin kanti mai ƙarfin kashi 3.5 ana zuba kofi ɗaya a kofi shida na ruwa. Da wannan haɗin ake goge jinin da ya zuba a ƙasa.

Kayan da ba su da laifi

Kwano, cokali, kofi, moɗa, buta, tabarma da dardumar salla ba sa yaɗa ko ɗaya daga cikin ukun nan. Haka musabaha, runguma, tari, atishawa, gumi da cizon sauro. Ware wa mai cutar kwanonsa, ko hana shi sa hannu a akushi, ba ya kare kowa. Abin da yake haifarwa shi ne ɓoye cuta da gudun gwaji. Ruɗanin ya samo asali daga shawara, domin nau'in A da E na ciwon hanta suna bin ruwa da abincin da bahaya ya gurɓata, kuma su ma kan sa ido ya yi ɗorawa.

Sai batun masai. Mata da yawa sun yarda cewa a bayi ake ɗaukar ciwon sanyi. Ƙwayoyin ciwon sanyi da na tunjere ba sa jimawa da rai idan sun bar ɗumin jiki, saboda haka saduwa ce hanyarsu, sai kuma daga uwa zuwa jariri. Wani ƙaiƙayin da farin ruwan kuma daga rikicewar ƙwayoyin jikin mace ne, ba daga kowa ba. Illar ɗora laifi a kan masai ita ce a yi wa mace magani a bar mijin da abokan zamanta, ciwon ya yi ta dawowa. Abin da tawul, soso, zanen gado da tufafi ke ɗauka da gaske shi ne ƙazuwa, makero da ƙwarƙwatar mara. Wanki da ruwan zafi da shanya a rana kan yi maganinsu a jikin kayan.

Rigakafi da matakin gaggawa

Allurar rigakafin nau'in B ta shiga jerin rigakafin yara a Najeriya a 2004. Ana yi wa jariri ta farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa, sauran a mako na 6, na 10 da na 14. Wanda aka haifa kafin wannan shekara, galibi bai samu ba. Idan aka gano mutum ɗaya a gida yana da ita, ana gwada mata ko miji da 'ya'ya da duk mazauna gidan, a yi wa waɗanda ba su kamu ba allura uku cikin wata shida. Nau'in C ba shi da rigakafi, amma ƙwayoyin sha na mako 8 zuwa 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari.

Wanda kaifi mai jinin wani ya yanka, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, ya nufi asibiti a ranar. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi cikin sa'o'i 72, a sha kwana 28, na nau'in B kuwa an fi so a fara cikin sa'o'i 24. Ana yin gwajin cututtukan uku a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kuma gwajin farko ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, sakamako kan fito cikin kusan minti 20.