Waiwaye: Yadda ruwan Kainji ya ci gungu, harshen Gungawa ya ja da baya

Tun da Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa a shekarar 2022 ake ta ja-in-ja a kan batun, amma a ƙasar Yauri maganar takan rikiɗe ta koma wata tambaya: wane harshe ne na uwar? Akwai gidajen Gungawa da dama inda kaka ke magana da Tsureshe, wato harshensu na gado, uwa tana ji amma ba ta iya mayarwa, jika kuwa ya tashi da Hausa zalla, yana kiran kansa Bayauri. Masu ɗora alhakin haka a kan makarantar boko, a ganina, daga tsakiya suka ɗauko labarin.

Hausa ba baƙuwa ba ce a bakin kogin Kwara. Fataken goro masu zuwa Gwanja sun daɗe suna ratsa Yauri, fada tana hulɗa da Hausa, kuma bayan jihadin 1804 masarautar ta ƙulla amana da Gwandu. Duk da wannan cuɗanya ta ɗaruruwan shekaru, Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe, ba su saki harshensu ba.

Abin da ya tsare musu shi kuwa ruwa ne. Sunan da Hausawa suka ba su ma daga kalmar gungu ya fito, wato tsibiri, domin a tsakiyar kogi suke zaune, suna su, suna noman albasa a gaɓa idan ruwa ya janye. Baƙo ba ya isa gare su sai da jirgi, kuma sai wani ya yarda ya tuƙa shi. Bagunge yakan ci kasuwar Yelwa da Hausa da rana, ya koma gida da yamma inda ba mai yi masa magana sai da Tsureshe.

Aikin madatsar Kainji, wanda aka fara a 1964, shi ya kawo ƙarshen wannan zama. Da tafkin ya cika a 1968 ya malale fili fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya haɗiye tsibirai da tsohon garin Busa, aka kwashe mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai a tudu. Ana yawan tuna wannan ƙaura ta fuskar gidaje da gonaki da wutar lantarkin da ƙasa ta samu, ba safai ake lissafa harshe cikin abin da ya nutse ba, wataƙila domin asararsa ba ta bayyana a shekara guda. Ƙauyukan da ke rabe a da aka haɗa su wuri ɗaya, kusa da hanya da kasuwa. Kushewun kakanni da wuraren al'ada suka saura a ƙarƙashin ruwa. Labarin yalwar kifi a sabon tafkin ya jawo masunta daga nesa, ciki har da Sarkawa masu magana da Hausa, aka zauna maƙwabtaka, aka yi auratayya, Musulunci ya ƙara yaɗuwa, kuma da Hausa ake fassara karatu. Ba wanda ya hana Bagunge harshensa. Wuraren da yake buƙatarsa ne suka yi ta raguwa, har aka wayi gari da dattawa kawai ake yin sa a wasu gidajen.

Saboda haka lokacin da manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara wa yaro karatu da harshen uwa ko harshen da aka fi amfani da shi a inda yake zaune, shekara tara ke nan da tashin mutanen gungu. Yaran da aka haifa a tudu sun isa shiga aji ɗaya, kuma da yawansu da Hausa suka gaida malamin da ya rubuta sunayensu a rajista.