Sashe na 5 na NATO: shin da an taɓa ƙasa ɗaya shikenan yaƙin duniya ya tashi?

Duk lokacin da wani jirgi mara matuƙi ko makami ya faɗa Poland ko Romaniya, kafin gari ya waye an cika WhatsApp da Facebook da saƙo iri ɗaya, wai Rasha ta taɓa ƙasar NATO, dokar NATO ta ce dole ƙasashe 32 su shiga yaƙi, saboda haka yaƙin duniya na uku ya fara. Sai a haɗo da bidiyon tankoki a kan jirgin ƙasa wanda ba a san ma na wace shekara ba ne, da murya a sama tana cewa jama'a a yi ta addu'a. Addu'a kam a yi ta, amma maganar dokar ba haka take ba, kuma na ga tsoron ya fara shiga iyayen da ke da 'ya'ya suna karatu ko neman abinci a can, shi ya sa na ce bari in zauna in warware abin da sashen nan ya ƙunsa.

An sa hannu kan yarjejeniyar kafa ƙungiyar ƙawancen tsaro ta NATO a birnin Washington ranar 4 ga Afrilu 1949, da ƙasashe 12. Yau sun kai 32: Amurka, Kanada, Turkiyya da galibin ƙasashen Turai, na baya-bayan nan su ne Finland a 2023 da Sweden a 2024. Yukren ba ta ciki, Jojiya ba ta ciki, Moldova ma haka.

To sashe na 5 ɗin da ake ta magana, jimlarsa ta farko ita ce kowa ya haddace: harin makami kan ɗaya daga cikinsu a Turai ko Arewacin Amurka, za a ɗauke shi hari ne kan dukkansu. Nan mutane ke tsayawa su rufe littafi. Amma maganar ta ci gaba, ta ce kowace ƙasa za ta taimaki wadda aka kai wa harin ta hanyar ɗaukar matakin da ita da kanta ta ga ya wajaba, kuma amfani da ƙarfin soja yana cikin matakan da za ta iya ɗauka. Ka lura da kyau, ita ce za ta duba ta yanke abin da ya wajaba, ba hedkwatar NATO da ke Brussels ba, ba wadda aka kai wa harin ba. Taimako dole ne, wannan babu ja, amma irin taimakon an bar wa kowa zaɓinsa. Wata za ta tura dakaru, wata jiragen yaƙi, wata harsasai ko bayanan sirri ko likitoci, wata ta buɗe filin jirginta kawai. Iceland ma da aka kafa ƙungiyar da ita ba ta da rundunar soja kwata-kwata, kuma har yau mamba ce.

Kamar 'yan unguwa ne da suka yi alkawari duk gidan da ɓarawo ya haura kowa zai fito, amma ba a rubuta abin da kowa zai riƙo ba, wani ya fito da gora, wani da tocila, wani ya tsaya bakin ƙofarsa yana ihu, kuma dukkansu za su ce maka sun fito.

Kuma ba kuskure aka yi wajen rubuta shi haka ba, da gangan ne. A 1949 Turawa sun so a rubuta ƙarara cewa Amurka za ta shigo da sojojinta kai tsaye idan Tarayyar Sobiyet ta motsa, domin lokacin ba su daɗe da fitowa daga yaƙin duniya na biyu ba, garuruwansu a rushe. 'Yan majalisar dattawan Amurka suka ƙi, suka ce tsarin mulkinsu majalisa ya ba ikon ayyana yaƙi, ba za su yarda wata takarda ta ja su fagen fama ba tare da sun zauna ba. Aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a wannan lafazin. Sashe na 11 ma ya ƙara da cewa kowace ƙasa za ta aiwatar da yarjejeniyar ne bisa tsarin mulkinta, shi ya sa Jamus alal misali sai majalisarta ta amince kafin a tura sojojinta yaƙi a waje. Sannan a aikace sai majalisar ƙolin NATO ta zauna, wakilan ƙasashen duka sun yarda cewa eh, wannan hari ne na makami da ya shiga ƙarƙashin sashe na 5, domin NATO ba ta ƙuri'ar rinjaye, da yardar kowa take yanke hukunci.

A tsawon shekara fiye da 75 sau ɗaya tak aka yi amfani da sashen, bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka. Ko a lokacin abin da ya biyo baya kai tsaye shi ne jiragen NATO masu ɗauke da na'urar hango jirage suka je suna sintiri a samaniyar Amurka, jiragen ruwan yaƙi kuma suka shiga sintiri a Bahar Rum. NATO ba ta karɓi jagorancin dakarun ƙasa da ƙasa a Afghanistan ba sai a watan Agusta 2003.

Inda ruɗanin ya fi yawa shi ne tsakanin sashe na 4 da na 5. Na 4 cewa ya yi duk ƙasar da ta ji ana barazana ga tsaronta ko iyakarta tana iya kiran sauran a zauna a tattauna. Zama ne kawai, shawara ce. Turkiyya ta sha kiran irin wannan zaman, har da na 2012 da Siriya ta harbo mata jirgin yaƙi. A daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2025 jirage marasa matuƙa kusan 20 suka shiga samaniyar Poland, jiragen Poland da na Holan suka kakkaɓo wasu, kuma abin da gwamnatin Poland ƙarƙashin firaminista Donald Tusk ta nema shi ne zaman sashe na 4. Bayan kwanaki Istoniya ma ta nemi irinsa da jiragen yaƙin Rasha uku suka shiga samaniyarta na kimanin minti 12. Amma da yawa daga masu yaɗa labari a wajenmu da sun ji "Poland ta kunna sashen NATO" sai su ɗora 5 a kai.

Ku tuna abin da ya faru ranar 15 ga Nuwamba 2022 a ƙauyen Przewodów da ke gabashin Poland, kilomita kaɗan daga iyakar Yukren. Makami ya faɗa wani wurin busar da hatsi, mutum biyu suka mutu, hotunan suka fito ga rami ga tirelar tarakta a kife. Daren nan wallahi mutane da dama ba su yi barci ba, shugabannin da ke taron G20 a Bali suka yi zaman gaggawa. Kafin a kwana biyu shugaban Poland Andrzej Duda da kansa ya fito ya ce alamu sun nuna makamin kariya ne na Yukren da aka harba don tare na Rasha ya ɓace hanya. Ba a kira sashe na 5 ba, ko na 4 ɗin ma Poland fasa nema ta yi. Haka a Nuwamba 2015 Turkiyya ta harbo jirgin yaƙin Rasha a bakin iyakar Siriya, matuƙin ya mutu, aka yi ta cacar baki da takunkumi, a ƙarshe suka shirya.

Sai tambayar da aka fi yi mini: ƙasar da ta ƙi taimakawa, mene hukuncinta? Babu. Yarjejeniyar ba ta tanadi tara ba, ba ta da kotu, ko hanyar korar mamba ma ba a rubuta ba, abin da aka rubuta shi ne yadda ƙasa za ta fice don kanta bayan ta ba da sanarwar shekara ɗaya. Maganar kuɗi da Donald Trump ke yawan tayarwa, har a 2024 ya ce ba zai kare ƙasar da ba ta biya ba, mutane suka ɗauka akwai wani kuɗin shiga da idan ba ka biya ba kariyarka ta faɗi. Abin da ke akwai shi ne alkawarin da suka yi a 2014 a Wales cewa kowace ƙasa za ta riƙa kashe kashi 2 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara kan sojojinta na kanta, sannan a taron Hague na Yuni 2025 suka ɗaga shi zuwa kashi 5 nan da 2035. Alkawarin siyasa ne, ba ya cikin sashe na 5, kuma rashin cika shi bai cire ƙasa daga kariya a rubuce ba. Amma fa tunda kowa shi ke yanke matakin da zai ɗauka, idan mai ƙarfin cikinsu ya fara irin wannan furuci dole hankalin ƙananan ƙasashen da ke bakin iyakar Rasha ya tashi.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce ashe takardar banza ce. Wannan ma kuskure ne. Akwai dakarun Birtaniya a Istoniya, na Kanada a Latbiya, na Jamus a Lituwaniya, na Amurka a Poland, an ajiye su ne daidai inda duk wanda ya tsallako sai ya taɓa su, kuma idan aka kashe sojojinka ba sai an karanta maka wani sashe ba. Finland da ke da iyakar sama da kilomita 1,300 da Rasha ba ta bar tsohon matsayinta na 'yar ba-ruwanmu ta shiga ba sai don ta ga kariyar tana da nauyi.

Abin da ya shafe mu nan gida kuwa, a 2023 da ake takaddama tsakanin sojojin Nijar da Faransa na ji masu cewa idan aka taɓa sojan Faransa ɗaya a Yamai NATO duka za ta sauko. Sashe na 6 ya shata inda kariyar ta tsaya: ƙasar mambobi a Turai da Arewacin Amurka, Turkiyya, tsibiransu da ke arewacin tekun Atlantika, da jiragensu na sama da na ruwa a wannan yankin da Bahar Rum. Sahel ba ya ciki. An kashe sojojin Amurka huɗu tare da na Nijar a Tongo Tongo a Oktoba 2017, Faransa ta rasa sojoji fiye da 50 a Sahel, ba a taɓa kiran sashe na 5 ba. Da Ajantina ta kama tsibiran Falkland a 1982 Birtaniya ita kaɗai ta je ta yi yaƙinta. Ƙasa ɗaya a Afirka da aka taɓa sa sunanta a ciki ita ce Aljeriya lokacin da Faransa ke ɗaukarta ɓangarenta, wannan kuma ya faɗi da samun 'yancinta a 1962.

Alkawarin kariyar juna da tasirinsa ya taɓa isowa yankinmu ma ba na NATO ba ne, na Tarayyar Turai ne, sashe na 42 sakin layi na 7, wanda lafazinsa ya fi kaifi don ya ce a taimaka da duk abin da ake da iko. Faransa ta kira shi bayan harin Paris na Nuwamba 2015 da ya kashe mutum 130, kuma cikin taimakon da ta samu har da Jamus ta ƙara sojojinta a Mali don rage mata nauyi.

Libiya kuwa, wadda ita ce ciwon da ke ran mutanenmu duk lokacin da aka ambaci NATO, ba da sashe na 5 aka shiga ba, domin Gaddafi bai kai wa ƙasar NATO hari a 2011 ba. Da ƙuduri mai lamba 1973 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya aka shiga, wanda ya ba da izinin kare fararen hula, kuma Najeriya, Afirka ta Kudu da Gabon duk sun ɗaga hannu sun goyi baya, Rasha da Chana da Jamus suka ƙaurace. Abin da aka yi da izinin ya wuce kare farar hula nesa ba kusa ba, makaman da suka watsu kuma mun ga aikinsu a Mali a 2012 da bayanta.

A nan ne ni raina ke sosuwa da tsarin. Wanda ke cikin layin an rubuta masa alkawari, wanda ke waje kuwa babu sashe ko ɗaya da ke tambayar wa zai gyara ɓarnar da aka bar masa. Yukren da Jojiya an gaya musu a taron NATO na Bucharest a 2008 cewa za su zama mambobi wata rana, ba a sa rana ba, ba a ba su kariya ba, watanni huɗu bayan nan yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Jojiya, a 2014 Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya daga Yukren, a 2022 ta shiga Yukren gadan-gadan. Ita Yukren ɗin ma ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada a hannun Sobiyet bisa takardar Budapest ta 1994, wadda Amurka, Birtaniya da Rasha suka sa wa hannu cewa za su mutunta iyakokinta, amma babu inda takardar ta wajabta wa kowa zuwa kare ta. Shi ya sa yanzu da ake maganar ba ta tabbacin tsaro mai kama da sashe na 5 ba tare da ta shiga NATO ba, shugabanta Zelensky ya nace sai majalisun ƙasashen da za su ba da tabbacin sun amince da shi ya zama doka, kuma a fayyace abin da kowace ƙasa za ta yi idan aka sake kai musu hari.